Gwangwanin Alƙali

Akwai wani macuci a unguwar nan, mara kunya, wanda ke miƙa tarkace ya karɓi abin kirki, kuma ya yi barcinsa har da minshari. Ku biyo ni ku gan shi.

Wasa ne ya tona shi, wasan ɓoye gwangwani. Mutum zai zuba ƙananan kaya a gwangwani, ya ɓoye a wani lungu, ya sa alamar wurin a waya, masu nema su bi su gano. Ƙa'idar ɗaya ce tak: in ka ɗauki abu, ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Ba mai gadi, ba shaida. Kai da kunyarka.

Wani dillalin gwanjo, wanda 'yan wasan ke kira Alƙali, shi ya ɗora ƙa'idar nan a ka, har ya fi mai kora shafawa. Gwangwaninsa na biskit ne, yana cikin tsagar katanga a bayan tashar bas. Kaya nagari yake zubawa: 'yar tocila, almakashin aljihu, abin yanke farce mai ƙarko. Ba don yana da kyauta ba, don dai a ce nasa ya fi na kowa.

Wata safiya ya tarar tocila ta tafi, an bar masa sarƙar wuya. Ya kankare ta da farce, ruwan zinaren ya biyo yatsansa. Shi za a yi wa wannan? Shi da ke da kwando guda na irinta a ƙarƙashin kantar shagonsa, wanda ko kallo bai ishe shi ba?

Da yamma ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa da ƙafa, kamar kullum. Bai taɓa yawo da mabuɗi ba. Me zai yi da shi, alhali matarsa na ciki? Ta buɗe, ya wuce ta, ya jefa sarƙar kusa da farantin abinci.

"Ke, zo ki ga aikin ɗan iska."

Ta ɗauka ta juya ta a hankali. "Wataƙila mai ita ba shi wani ya yi, ya ce masa ta kirki ce."

"To wanda ya ba shi ya raina shi. Kare ma ba a rataya masa wannan."

"Haka ne, Baban yara?"

"Ni zan faɗa ki tambaya?"

Ya yi tsaki ya ja faranti. Matar da ya hana ta fita da 'yan kayan adon da ya ba ta tun suna sabon aure, wai kada ɓarayi su gani, me ta sani game da sarƙa?

Bayan sarƙa sai agogon mata, wanda allurarsa fenti ce aka zana. Almakashi ya tafi. Bayan agogo sai 'yan kunne masu dutsen gilashi. Abin yanke farce ya tafi. Kowanne sai ya kawo gida ya feɗe shi a gabanta, ya tsine wa mai shi, ya tsine wa wanda ya ba mai shi, har kakanninsa. Ita kuwa ta tsaya da tsumman goge tebur a hannu tana saurare, kamar ɗalibar da ba ta son kalma ɗaya ta wuce ta.

Abin ya fara ci masa rai. 'Yan wasa sun soma zolaya, wai Alƙali ya buɗe juji a bayan tasha. Sunan da ya gina ya kama hanyar zubewa, sai ya yanke hukunci. Ya kwashe gwangwanin tas, ya bar murfin kwalba guda, lanƙwasasshe, mai tsatsa. Ya shaida wa matarsa dabarar yana dariya, ya kuma gayyato 'yan wasan su zo su ga yadda ɓarawo zai koma da kunya.

Suka hallara da hantsi: direban tasi, malamar asibiti, wani tela mai yawan surutu. Alƙali ya zaro gwangwanin ya buɗe. Murfin kwalba ya tafi. A gurbinsa an bar wani tsohon mabuɗi, duk ya goge.

Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Yau dai shegen ya bi ƙa'ida! Banza ta tafi, wofi ta zo. Ku shaida, wannan musaya daidai take, ba wanda ya ci wani."

Tela ya ce, "Alƙali ya yanke, ba ɗaukaka ƙara!" Aka kwashe da dariya. Ya jefa mabuɗin a aljihu ya kama hanyar gida, bakinsa cike da labarin da zai ba ta.

Ya ƙwanƙwasa da ƙafa. Shiru. Ya ƙara, ya kira, ya zage. Maƙwabciya ta leƙo ta taga, ta dube shi, ta saki labulenta. Ya dafe aljihu don ya ciro waya, sai yatsunsa suka taɓa ƙarfe.

Mabuɗin gwangwanin ya shige kwaɗon ƙofar gidansa kamar an shafa masa mai.

Ɗakinta fayau, ko tsinke babu. A kan tebur, daidai inda yake ajiye faranti, ta jera akwatunan sarƙa da agogo da 'yan kunne, duk a buɗe, duk wayam, waɗanda shi da hannunsa ya ciko daga kwandon ƙarƙashin kantar shagonsa, ya miƙa mata yana rantsuwa zinare ne. Tarkacen da ya ba ta ya karɓi ƙuruciyarta ke nan. Ita kuma ta ajiye gidansa da aurensa ta ɗauki murfin kwalba, shi da bakinsa ya ce daidai ne a gaban shaidu. To macucin nan da na faɗa muku, ga shi tsaye da mabuɗi a hannu, wanda ya ce ba shi ba ne ya fito ya musa.