Wasa Sarƙa a Hanyar Keita

Iskar damanar 1986 ta kayar da ƙaton gawo ya datse hanyar Keita. Direban da ya taso daga Madawa ya taka birki, kusa da amalanken jaki ɗauke da mace mai naƙuda tana nishi.

Wani dattijo, ma'aikacin gandun daji, ya iso da zarto mai inji. Maimakon ya tada shi, sai ya durƙusa ya zaro magagari.

"Baba, mi kake jira? Rai biyu fa!" in ji direban.

"Sarƙar zarton ta dakushe. In na tada shi haka, ko ta maƙale cikin icce, ko ta yi tsalle ta sare ni. Wa zai buɗe hanya?"

Ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kowanne guga uku. Ya ɗaure sarƙar, ya zuba mai. Direban ya yi ta tsaki, har ya ga zarton ya ratsa gawon kamar kabewa.

Sai a lokacin dattijon ya yar da injin, ya ruga wajen amalanken.

"Sannu, ɗiyata. Ga babanki, mu tahi."