Gwangwani a Kan Barkono

"Abin da ba ya kashe cuta ma magani ne?" Manomin ya cusa ƙwayoyin a aljihu, ya fice gona.

Da safe aka ɗura wa matarsa maganin ciwon daji a Zariya. Likita ta ce, "Baba, ba ta waɗannan da la'asar. Ba sa taɓa cutar, mafitsara suke karewa, kar maganin ya ƙona ta."

Hankalinsa ya ƙi kwanciya. Kafin ya fesa maganin ciyawa, ya bi barkononsa yana kifa wa kowane tsiro gwangwani, kar maganin ya ƙona shi, yadda ya saba. A na bakwai hannunsa ya tsaya. Ya shafa aljihu.

Ladanin Likoro ya kira la'asar. Ya zura gida a guje, ko takalmi bai ɗauka ba.