Sunana a Bakin Inna

Tun da injin hasashen al'adu ya ce mu Hausawa duniya za ta koma kwaikwaya, ake ɗibar matasa zuwa Turai su koyar da zaman Hausa. Sharaɗin ɗaya ne: ka zo da mahaifiyarka a tantance tarbiyyar gidanku.

Na kai Inna ofishin masu ɗibar a Gusau. Baturiyar da ke tantancewa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, da Hausar da ta fi tawa.

"Inna, wane ne wannan?"

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Ta san yadda nake son aikin, kuma ta ɗauka Bature suna yake son ji.

"Ɗayyabu ne," ta ce. "Ɗana."



Baturiyar ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Ba ɗan farinki ba ne? Inna, yanzu ko a Landan uwa ba ta yin haka. Ku yi haƙuri, ba za mu ɗauke shi ba."

Sai a bakin titi Inna ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Wato a banza na zubar da kunyata?"