Gishirin Miyar Malam Jatau

Tun da aka daina yin ritaya da shekaru, munduwar asibiti ke yanke hukunci. Muddin tana nuna kore a hannunka, aiki za ka ci gaba da yi, sai ta yi ja a fara ba ka fansho.

Malam Jatau, mai gadin tashar jirgin ƙasa, ya haura saba'in, tasa har yau kore take nunawa. Ya dawo cin abincin rana, ya tarar da matarsa Kubura tana kaɗa miyar kuka.

"Kubura, ƙara gishiri."

"Ai na sa, Malam."

"Ƙara dai. Haka matar abokina Ɗanlami ta yi masa, jininsa ya hau, munduwarsa ta yi ja, ga shi can yana hutawa."

"Yana hutawa a kwance, ɓari guda ba ya motsi."

Ya murza gwiwa. "Na gaji ne, Kubura."

Ta ɗebo gishiri a tafin hannu, ta daɗe tsaye a kan tukunya. Can ta zuba rabi, ta mayar da rabi.

Ya cinye tuwonsa tas, ya ce miya ta yi daɗi, ya koma tasha.