Gwiwoyin Kubura

A zamanin da ake barin jiki a gidan motsa jiki kamar yadda ake kai wanki, Kubura ma takan kai nata. Sai a kwantar da hankalinta ya yi barci, wata matar haya ta shiga jikin ta wuni tana gudu da shi. Tun ranar da ƙawaye suka kira ta buhun gero a gidan biki ba ta taɓa fashi ba.

Ran nan da la'asar Malam Ɗanlami, mai kula da wurin, ya tashe ta ya ce, "Hajiya, dubi madubi. Ina teɓar take?"

Ta shafa cikinta, ta ji shi a lafe. Ta ce, "Wai wace ce take shiga jikin nawa?"

"Ba a tambaya, Hajiya."

A hanyar gida ta zo wucewa ta gaban wata tsohuwa mai tallar gyaɗa, wadda ba ta taɓa gani ba. Sai gwiwoyinta suka lanƙwashe da kansu, ta durƙusa har ƙasa, ta ji bakinta yana cewa, "Ina wuni, Inna?"

Tsohuwar ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Lafiya lau. Ki ce wa 'yata ta riƙa zuwa da nata jikin, ina kewar fuskarta."

Kubura ta isa gida, ta tarar da mahaifiyarta zaune a kan tabarma. Ta yi niyyar durƙusawa, gwiwoyin suka ƙi, suka sandare.

Mahaifiyar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"