Kwanakin Rara

Tun da aka sauya kalanda, kowane wata kwana talatin ne cif, sai kwana biyar da ke ragowa a ƙarshen shekara. Kwanakin rara ake ce musu. Ba su cikin mako, ba su da suna, ba a kuma rubuta komai a cikinsu.

A na farko Larai ta haihu. A na huɗu aka binne jaririyar, ko suna ba a yi ba.

Ko wankan jego ba ta gama ba, ta tafi ofishin rajista neman takardar haihuwa. Dattijon ma'aikacin ya daɗe yana duban na'urarsa.

"Yi haƙuri, 'yata. Sai dai ki zaɓi rana, kafin rara ko bayanta."

"Baba, kafin rara tana cikina. Bayanta kuwa tana ƙasa."

Ya sunkuyar da kai. "To, wane suna zan sa?"

 Ita Larai ran Laraba aka haife ta, uwarta Asabe, kakarta Talatu. A gidansu ko ba a raɗa wa yarinya suna ba, ranarta takan ba ta.

Nono ya jiƙa mata riga.

"Baba," ta ce, "don Allah ƙara dubawa. Wace rana ce ran nan?"