Sharaɗin Shekara Uku

Ƙarfe takwas daidai Lieven Verhaegen ya zauna a teburinsa, ya gyara wuyan rigarsa, ya dubi kalanda. Saura kwana tara.

Shi ya rubuta sharaɗin da hannunsa, lokacin da kamfaninsu na jiragen ruwa a Antwerp ya yi wa manyan ma'aikata alkawarin hannun jari. Sai wanda ya cika shekara uku cur a bakin aiki zai karɓa. Wanda ya ajiye aiki, ko ya ɗauki dogon hutu kafin ranar, ya tashi a tutar babu. Harajin hannun jarin kuwa tun farko ake biyansa, hukuma ba ta mayarwa. Lieven ya biya nasa da abin da shi da matarsa Hilde suka tara don tsufansu.

Hilde tana kwance a asibiti a Leuven. Likita ya ce gara ya ajiye komai ya zauna kusa da ita. Shi kuwa ya roƙe ta ta ƙara haƙuri kaɗan.

Sakatariyarsa ta shigo ba ta ƙwanƙwasa ba, riƙe da kofi da biskit ɗaya a gefen faranti.

"Yallaɓai, yau ma ka riga kowa?"

"Wa za a riga? Duk ragwaye ne. Wayar nan tun safe ko tari ba ta yi ba. An kira daga asibiti?"

"Ba a kira ba."

"To lafiya ke nan. Ki aika wa Hilde furanni, masu ruwan ɗorawa. Ki ce mata wa'adin na cika, sai gefen gadonta."

"Kullum sai ka faɗa."

"Kullum sai kin manta. Ban san wa ya ɗauke ki aiki ba."

Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba, ta ajiye masa takardu.

Ya shiga sa hannu. Takardun sun yi laushi kamar tsohon ƙyalle. Ƙamshin miya yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya tashi ya tura taga, ta buɗe faɗin tafin hannu ta tsaya. Can cikin kunnensa waya tana ta kuka, tana kuka, ba mai ɗauka. Ya waiga da sauri. Tasa tana nan shiru. Ya koma ya zauna. Kwana tara ai ba wani abu ba ne.

Bai ji abin da ake faɗa a bayan ƙofa ba.

"Katrien, yau Baba ya gane ki?" in ji ma'aikaciyar gidan tsofaffin.

Katrien, 'yarsa da yake ɗauka sakatariyarsa ce, ta girgiza kai. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mahaifiyarta Hilde ta rasu a Leuven tana tambayarsa, saura kwana tara wa'adin ya cika, shi yana ofis, ya hana a haɗa masa waya.